Firijin Gari

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shagon maganin ƙauyenmu, can bayan Gonin Gora, inda kwalta ke ƙarewa a fara hanyar jar ƙasa. Sunana Christy, amma yanzu ko mijina Sista yake ce mini. Shagon ba nawa ba ne, na al'umma ne. Mutanen gari suka gina shi, suka je har Kakuri suka ɗauko ni daga ɗakin ba da magani na wani asibiti, don sun gaji da 'yan kemis masu zuba ƙwaya kala bakwai a leda su ce ka sha ka kwanta. Na zo da ƙa'idojina kamar amarya da kayan ɗaki. Ba na haɗi. Ba na yanka katin magani in ba da rabi. Abin da kwanan watansa ya wuce ba ya kwana a kan kanta. An zage ni a kan haka har bakin masu zagin ya gaji, ni ma na gaji, amma ban sauya ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Shekara uku da suka wuce Zumuntar Mata ta cocinmu ta sayo wa shagon firiji mai aiki da sola, saboda magungunan da zafi ke kashewa. Babu macen da ba ta sa hannu ba. Wata ta kawo gyaɗa, wata kaza, wata ta yi wa ƙungiya noma kwana biyu. Shi ya sa ba a taɓa ce masa firijin shago ba, firijin gari ake ce masa, kuma abin da aka ce na gari ne kowa gani yake yana da kusurwa a ciki.

Na manna takarda a ƙofarsa da manyan baƙaƙe: MAGANI KAWAI. Wata biyu takardar na aiki. Daga nan wata ta zo da ruwan leda guda biyu don yaronta mai zazzaɓi. Wata ta zo da zobon da za ta kai bakin titin Abuja. In na ce a'a, sai a tsaya a dube ni a ce, "Sista, har da kazata fa a cikin firijin nan." Ƙin farko ba shi da wuya, na ɗari ne ke karya mutum. Kafin shekara ta zagayo, magani ne ya koma baƙo a ciki.

Akwai wata takardar kuma a gefen firijin, mai layi-layi. Doka ce a duba ma'aunin sanyi safe da yamma a rubuta, kuma dole ya tsaya tsakanin biyu da takwas. Da farko ina dubawa. Da gorunan zobo suka tura ma'aunin can ƙurya, sai na ga kullum ai biyar ne ko huɗu, me zai sa in durƙusa da wannan gwiwar tawa? Na shiga rubuta biyar, huɗu, biyar, kamar mai rubuta kwanan wata. Sabo turken wawa, kuma ni na ɗaure kaina a jikinsa.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen ke amfani da allurar insulin, wato Baba Yohanna. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, dattijo ne a ikilisiya, ya haura saba'in, ciwon suga ya kama shi tun kafin in zo. Shi ke yi wa kansa allura safe da yamma. Matarsa Mama Ruth ta binne masa ƙaramar tukunya a cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, a nan kwalbarsa ke zama, in ta ƙare ya zo da safe in ba shi sabuwa daga firiji. Ban taɓa samun mara lafiya mai bin doka irinsa ba. Da shi nake yi wa sauran gori. Duk ranar Laraba zai shigo da sandarsa ya miƙo yatsa ya ce, "Sista, a duba wa tsohuwar mota mai." In soka, mitar awon suga ta nuna abin da ya dace, ya yi dariya ya tafi.

Ranar Asabar ɗin jajibirin Ista, Mama Philomena, shugabar Zumunta, ta iso da mata uku ɗauke da gorunan kunun aya da za a sha ranar Litinin a wajen Galili, taron shaƙatawar da muke yi bayan Ista. Afrilu ne, zafi kamar a tsaga ƙasa a shige, kunun aya kuwa ba ya haƙuri, yini ɗaya ya yi tsami. Ba wanda ya tilasta ni. Da hannuna na tura kwalin insulin can jikin bangon baya don a samu wuri, da hannuna na murɗa maɓallin sanyi har ƙarshe. Na ce a raina ranar Talata in mayar da shi.

Talata ta zo ta wuce. Mata suka shiga yabon firiji, wai yanzu zobo har ƙanƙara yake yi, masu mota na rububinsa. Ina jin su, ina murmushi, ina rubuta biyar.

Larabar bayan Ista Baba ya karɓi sabuwar kwalba. Da ya dawo a mako na gaba, mita ta nuna ɗari uku da wani abu. Na sake sokawa, ta maimaita.

Na ce, "Baba, an ci Ista da kyau ke nan."

Ya ce, "Nama kaɗan na ci, 'yata, sai ganye. Ko kunun ayar nan ban taɓa ba."

Na ce masa ya kiyaye, ya tafi yana ɗingishi, don sabon takalmin da ɗansa ya aiko masa daga Jos ya ci masa babban yatsa. Na wanke wurin na ɗaure, ƙaramin abu ne a lokacin.

Mako na uku mita ta haura ɗari huɗu. Ranar tare suka zo da Mama Ruth, tana riƙe masa jaka. Ni kuwa tun safe ake ta ɓata mini rai: wani ya zage ni don na hana shi maganin barci ba takarda, wata ta kawo yaro an riga an ɗura masa abin da ban sani ba. Haushin duk na sauke shi a kan tsohon nan.

Na ce, "Baba, kana allurar?"

"Safe da yamma. Ga ta nan, ita ke ganina."

Mama Ruth ta ce, "Yana yi, Sista. A gabana."

"To in yana allura suga na hawa, abu ɗaya ne ya rage. Akwai abin da yake ci a ɓoye."

Ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu. "Ubangiji shaida, ba na cin komai sai abin da ta ba ni."

Na juya mitar na nuna wa matarsa lambar. Na ce, "Mama, wannan abin ba shi da baki, ba ya ƙarya. Mutum ne ke ƙarya."

Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar, da irin daɗin da na ji a bakina, sai in ji kunya ta rufe ni. Mama Ruth ta dubi mijinta kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba. Shi kuwa ya ɗauki sandarsa.

Mama Ruth mace ce da ba ta yin abu rabi. Ta ɗauke masa tuwo gaba ɗaya, ta koma auna masa acca da ludayin miya. Ta kulle rumbu ta rataya makulli a wuya. In ya dawo daga waje sai ta lalube aljihunsa. Ta je wurin mai shayi da mai rake ta ja musu kunne. Ƙauye kuwa ba ya riƙe magana, kafin Lahadi an ce an ga Baba Yohanna ya nufi gidan burkutu, alhali mutumin bai san ƙofar gidan ba. Da abin ya ishe ta, ta kai shi ƙara wajen Fasto, aka zaunar da dattijon ikilisiya a gaban 'yan'uwansa dattawa ana yi masa wa'azi a kan kwaɗayi da ɓoye gaskiya.

Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ruwa yake sha kamar raƙumi, fitsari ba ya barinsa zama. Yatsan nan ya ƙi warkewa, ya fara wari. A mako na huɗu na ce masa ya tafi asibiti.

Ya ce, "In je in ce musu me, Sista? Abin da kika faɗa su ma shi za su faɗa."

Na ce, "Ka gyara bakinka, ƙafa za ta gyaru." Na buɗe firiji na miƙa hannu can baya na ciro masa wata kwalbar daga kwalin nan. Safiya ce, abin da ke cikin kwalbar ruwa ne zalla kamar kullum, ban ga komai ba, ban kuma nemi ganin komai ba.

A mako na shida zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Ɗanladi mai keke ya kwashe su zuwa babban asibiti a hayin kogi. Kwana biyu da kwanciyarsa labari ya zo cewa suga ya sauka. Ina tsaye a bayan kanta, shago cike da mata, na ce, "Kun gani? A can babu inda zai saci abinci." Suka girgiza kai suna Allah ya kyauta. Ranar Litinin likitoci suka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Na ji ciwon abin, ba zan ce ban ji ba. Amma ciwon da mutum ke ji wa wanda ya jawo wa kansa ne, mai sauƙin ɗauka. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe biyu na rana, Malam Lawal ya iso a kan babur. Shi ne jami'in da ke zagayen duba shagunan magani a yankinmu, siririn mutum mai furfura a gemu, wanda ya ga ƙazantar kemis iri-iri har ya daina mamaki. Yakan ce in ya zo wurina hutawa yake yi. Ya duba lasisi, ya ɗaga kwalabe yana karanta kwanan wata, ya leƙa kwandon allurai. Sannan ya tsaya gaban firiji ya karanta takardar gefe.

Ya ce, "Madam, firijinki ya fi ni natsuwa. Biyar, huɗu, biyar."

Ya buɗe. Gorunan zobo suka yi masa sallama. Ya shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa, har goma sha huɗu. Ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo kwalin insulin, sai da ya ɓamɓare shi daga jikin bango. Ya ciro kwalba ɗaya ya ɗaga ta wajen haske ya juya ta. Abin da ke ciki bai motsa ba. Ya daskare kamar dutse.

Ya lalubo ma'aunin daga ƙurya ya duba, ya dubi takardata, ya dube ni.

"Wa ke cike wannan?"

Na ce, "Ni."

"Tun yaushe maɓallin nan yake a ƙarshe?"

Na ce, "Tun jajibirin Ista."

Ya zauna a kan benci ya cire hula ya share zufa. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya yi mini ihu da ya fi. Ya ce, "Da rana sola na da ƙarfi, ya daskare. Kafin gari ya waye batir ya yi sanyi, ya narke. Ke kuma da safe kike bayarwa, ko? Kin fi ni sani, Madam. Insulin in ya yi ƙanƙara sau ɗaya ya mutu, ko ya narke ruwa ne kawai. Wannan ya mutu sau arba'in."

Na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, na sani tun ina makaranta, na ma koya wa wasu.

Ya kwashe duk maganin da ke firijin ya zuba a jaka ya ɗaure, ya cike takardunsa, ya ce za a kira ni ofis, kuma kada in sake ajiye maganin sanyi sai an zo an duba. Da ya hau babur sai ya tsaya bai tayar ba.

Ya ce, "Kwalin mai kwalba goma ne, takwas na gani. Ni abin da na tarar a firiji na rubuta. Biyun da suka fita, ke kika san inda suka je."

Ya tafi ya bar ni da gorunan zobo suna zufa a ƙasa.

Ba zan yi wa kaina ado ba, na yi tunanin yin shiru. Wa zai sani? Ƙafa ta riga ta tafi, magana ba za ta dawo da ita ba. Gari ya gama yanke hukunci, kuma hukuncin ya yi wa kowa daidai: matan da suka sa zobo, Faston da ya yi wa'azi, da ni. In na buɗe baki, shekara goma sha ɗaya na "ba na haɗi" sun zama abin dariya, kuma 'yan kemis ɗin da na raina su za su fi kowa shewa. Na gaji, irin gajiyar da ba ta jiki ba. Mama Philomena ta shigo ɗaukar gorunanta ta tarar da su a ƙasa, ta fara faɗa. Na murɗa maɓallin na mayar da shi tsakiya, na yage takardar gefe, sannan na ga yagewar ba ta rage komai ba. Na kulle shago na fita bakin titi.

Mota ta ɗauke ni daga Gonin Gora, muka tsaya cunkoso wajen gada kusan awa guda, kwandasta na faɗa da wata mata a kan buhun barkono. Duk tsawon hanyar ina shirya magana, in gina in rushe. Na isa asibitin ana cikin lokacin ziyara.

Baba yana kwance a gado na ƙarshe kusa da taga. Zanin da aka rufa masa ya tashi a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya kwanta shafe daga gwiwa. Mama Ruth ba ta nan, ta je ɗumama abinci. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin gyara zama.

Ya ce, "Sista, kin sha hanya. Ya shago?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na tsaya a ƙarshen gadon na faɗa masa yadda yake: kunun aya, maɓalli, takardar da nake cikewa ba dubawa, kwalaben nan biyu. Na ce, "Baba, mako shida ruwa kake yi wa kanka allura da shi. Ni na ba ka. Ba abin da ka ci."

Ya kalli silin. Na jira zagi, ko kuka, ko ya ce in fita. Wani mara lafiya a gadon kusa yana ta tari.

Ya ce, "Kin faɗa wa Ruth?"

"A'a, Baba. Kai na fara zuwa wa."

"To jira ta."

Muka jira. Can sai ga ta da kwano a nannaɗe cikin ɗankwali. Ta tsufa a makon nan fiye da shekara biyar. Ta fara gaishe ni da fara'a, har tana cewa na kyauta da na zo in ƙara ja masa kunne kafin a sallame su.

Baba ya ce, "Zauna, Ruth. Sista, maimaita. Yadda kika faɗa mini, kada ki rage."

Na maimaita. Karo na biyu ya fi na farko ɗaci, don ina faɗa ina kallon fuskarta tana sauyawa. Da na kai ƙarshe ta ajiye kwanon a kan gado a hankali, kamar zai fashe.

Ta ce, "Amma ke kika ce mitar ba ta ƙarya."

Na ce, "Ba ta yi ba, Mama. Ni ce ban tambayi kaina ba."

Ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Da waɗannan na ɗauke masa kwano daga gabansa. Yana ce mini yunwa yake ji, ina ce masa ya je inda ya saba ci." Ta juyo gare ni. "Na kai shi gaban Fasto, Sista. Na tsaya a gaban maza na ce mijina maƙaryaci ne."

Ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasan asibitin nan, ta kifa goshi a bakin gado, daidai inda zanin ya kwanta shafe, tana kuka ba sauti.

Baba bai dube ni ba. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalinta ya ce, "Ƙafa dai na tsufa, ina zan je da ita? Amma shekara arba'in da uku muna tare, matar nan ba ta taɓa tambayata abu sau biyu ba." Ya dube ta. "Kin ji dai yanzu, Ruth?"

Ta ce, "Na ji, Baba."

"To tashi ki ba ni abinci."

Ta tashi tana share fuska da gefen zani, ta kwance ɗankwalin kwanon ta buɗe murfin. Ta ɗebo a cokali ta kai masa baki, ko da yake hannuwansa lafiya lau suke, shi kuma ya buɗe ya karɓa. Na tsaya a ƙarshen gadon riƙe da jakata. Ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi.